Abin da Rufe Sabis Ya Koya Mini a Shagonmu na Gusau

Tun 2016 nake aiki a wani shagon kwamfuta a Tudun Wada, cikin Gusau. Da na zo, shara ce aikina da zuba fetur a janareta, a hankali har maigidana ya sakar mini makulli. Abin da muke yi kowa ya san shi: buga takardu, hoton fasfo, cike fom na makaranta da na neman aiki, duba sakamakon jarrabawa, sai na'urar POS da muka ƙara daga baya a bakin ƙofa. Mai irin wannan sana'a da intanet yake yini, in kwastoma ya yi ƙaranci kuwa sai ya faɗa Facebook. Babu wata muhawara da za a tayar kan waya ko sadarwa da ban sa baki ba, kuma a lokacin gani nake na fi yawancin masu maganar sanin kan abin, tunda ni ke taɓa na'urar kullum.

A watan Yunin 2021 gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter a Najeriya. Na rubuta cewa wannan rigimar mutanen Legas da Abuja ce, mu nan WhatsApp da Facebook muka sani, a cikin kwastomominmu da wuya ka sami mai Twitter. Wani malamina da ya koyar da ni a Ƙauran Namoda ya zo ƙarƙashin rubutun ya ajiye mini magana ɗaya: idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Na karanta na wuce, ban ba shi amsa ba.

Wata uku tsakani abin ya iso ƙofarmu. Duk wanda ya zauna a Zamfara a wannan shekara ya san halin da ake ciki. A watan Fabrairu aka kwashe 'yan matan makarantar Jangebe. Ranar 1 ga Satumba aka shiga makarantar Kaya a ƙaramar hukumar Maradun aka tafi da ɗalibai fiye da saba'in. Gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako-mako, ta hana sayar da fetur a jarka, aka rufe makarantu. Ranar Juma'a 3 ga Satumba hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su kashe dukkan ƙarafan sabis na jihar, bisa buƙatar gwamna Bello Matawalle, na tsawon mako biyu.

Na goyi bayan matakin, kuma da zuciya ɗaya. Dalilin a bayyane yake: da waya ake cinikin kuɗin fansa, da waya infoma ke sanar da 'yan bindiga cewa sojoji sun taso, da waya ake cewa wane ya sayar da shanu yau akwai kuɗi a gidansa. Har gobe ba na raina wanda ya yi wannan tunani, domin mutanen da aka ƙure ne ke neman mafita. Rubutuna na ƙarshe kafin sabis ya ɗauke shi ne, mako biyu ba komai ba ne in dai za a sami zaman lafiya.

Da safiyar Asabar na buɗe shago. POS dai na san ta mutu, wannan ban yi mamaki ba. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne kwamfutar kanta. Wani mai makarantar kuɗi ya zo a buga masa takarda mai ɗauke da tambarin makarantarsa, wadda muka sha buga masa. Na danna inda nake ajiye ta, sai ga suna babu abin ciki. Shekara biyu kafin nan na kwashe duk tsofaffin ayyukanmu, tambarin makarantu, zanen katin biki, samfurin takardun yarjejeniyar sayen fili, na mayar da su ma'ajiyar intanet, ina ganin wayewa ce, har ina yi wa maigidana bayanin cewa ko shagon ya ƙone ba abin da zai same su. Gaskiya ne ba abin da ya same su. Suna can lafiya lau a wata ƙasa, ni kuma ina Tudun Wada da kwastoma tsaye a kaina. Manhajar zanen da muke biyan hayarta wata-wata ta yi mana 'yan kwanaki tana aiki, daga nan ta ce sai ta gaisa da kamfaninta ta tabbatar mun biya. Mun biya, amma babu hanyar da za ta ji. Wadda ta tsaya mana har ƙarshe ita ce LibreOffice, manhajar kyauta da wani yaro ya taɓa saka mana a tsohuwar kwamfutar kusurwa, wadda ban taɓa ɗauka da muhimmanci ba. Da ita muka ci abinci a wannan wata.

Kafin nan, in ana gardamar manhajar saye da ta kyauta, abin da nake dubawa shi ne wacce ta fi kyan fuska da yawan maɓallai. Ban taɓa tambayar wace ce za ta buɗe ranar da babu kowa sai ni da ita ba.

A kwana na biyar maigidana ya ce in shirya in tafi Funtuwa, inda mutane ke zuwa neman sabis. Kafin in kai tasha labari ya bazu a layinmu. Wannan ya kawo lambar ɗansa da ke Kano a gaya masa suna lafiya. Wancan ya kawo imel da lambar sirrinsa a duba ko an kira shi aiki. Ɗalibai uku suka kawo bayanansu na JAMB, domin lokacin ba da gurbin karatu ne, kuma tun 2017 ta shafin CAPS ɗalibi ke ganin an ba shi gurbi ya danna ya karɓa. Na sayi littafi mai shafi arba'in ina rubutawa. Can sai ga wata dattijuwa maƙwabciyar shagon, wadda ɗanta ke turo mata kuɗin cefane daga Fatakwal, mu kuma mu cire mata a POS. Ta kwance bakin zanenta ta fito da katin banki da wata 'yar takarda da aka rubuta lambobi huɗu.

Na ce, "Inna, wannan lambar ba a ba kowa ita."

Ta ce, "Ɗana, in ban ba ka ba, wa zan ba? Kwana ukku ke nan bashi muka ci."

Na karɓa, hannuna yana nauyi.

Wannan tafiya ba zan manta da ita ba. Mun wuce Kwatarkwashi, mun wuce Tsafe, motar shiru, kowa da wayarsa a hannu yana kallonta yana kallon daji. Wannan yanki na hanya kowa ya san tsoronsa, kuma a kansa aka tara jama'a suna kai da kawowa don kiran waya kawai. Bayan mun shiga ƙasar Katsina mun yi 'yar tafiya, sai wayar direba ta yi ƙara. Kafin ka ce kwabo duk wayoyin motar sun ɗauka, saƙonnin kwana biyar suna shigowa a kan juna. Wata mata a bayana ta sami ɗiyarta, tana ta faɗin alhamdulillahi tana share ido da gefen hijabi. Mutumin da ke kusa da ni kuwa ya karanta saƙo ɗaya ya kife wayar a cinyarsa. Sai da muka kusa shiga gari ya ce mini yayansa ne ya rasu a Kaduna, an yi jana'iza tun shekaranjiya. Babu wanda ya sake magana a motar sai ta'aziyya.

A Funtuwa na tarar da mutanen Gusau zube a gindin itatuwa da bakin shaguna, masu cajin waya suna ta ciniki. Na roƙi wani mai shago irin namu ya ba ni kujera, na bi littafina layi-layi har la'asar. Ɗaya daga cikin ɗaliban nan uku an ba shi gurbi, na karɓa masa. Na sauko da duk ayyukanmu daga ma'ajiyar intanet na zuba a filas biyu. Ba a jima ba Katsina ma ta rufe sabis a ƙananan hukumomi goma sha uku, har da Funtuwa, tafiyata ta biyu sai Zariya. Sakkwato da Kaduna su ma suka rufe a wasu yankunansu.

Littafin nan ya hana ni barci. A cikinsa akwai lambobin sirri na mutum fiye da ashirin, da lambar katin Inna, da lambobin NIN, da ranakun haihuwa. Da an tare motarmu, ko da na mance shi a kan benci a tasha, duk wanda ya tsince shi ya tsinci makullan gidajen mutane. Da na dawo na ba kowa saƙonsa, na yage shafukan na ƙone su a bayan shago a gaban maigidana. A nan ne kuma idona ya buɗe kan abin da muka daɗe muna yi ba tare da mun ɗauke shi komai ba. Fuskar kwamfutarmu cike take da hotunan katin shaidar mutane da muka ɗauka muka bari. Takardun da firinta ta ɓata, masu ɗauke da suna da hoto da lambar NIN, tara su muke yi mu ba mai ƙosai ta naɗe wa yara. Ba mugunta ba ce, rashin lura ne, amma wanda aka cuta da bayanansa ba zai tambayi niyyarmu ba. Lokacin da aka sa hannu kan dokar kare bayanan jama'a a watan Yunin 2023, wadda ta kafa hukumar kare bayanai ta NDPC, na nemi dokar na karanta. Ginshiƙinta abu ne da duk mai riƙon amana zai gane: kada ka karɓi bayanin da ba ka buƙata, ka gaya wa mai shi abin da za ka yi da shi, kada ka riƙe shi bayan aikin ya ƙare. Wasu abokan sana'ata suna ganin doka ce ta manyan kamfanoni da bankuna. Ni a ganina mu ta fi shafa, domin talaka bai san ofishin kamfani ba, mu yake miƙa wa takardarsa hannu da hannu.

Duk wannan wahalar cikin gari ce, kuma mai sauƙi ce. Wanda ya sauya mini tunani gaba ɗaya wani malamin firamare ne daga wani ƙauye a ƙasar Maru, da yakan zo mu buga masa takardun jarrabawa. Ya shigo Gusau ana tsakiyar rufewar, na tambaye shi da ɗoki ko an sami sauƙi. Ya ce a kwanakin farko an ji shiru, har mutane suka fara sa rai. Sannan ya ce, "Amma ka san mi? Da, in an gan su sun ƙetare rafi, 'yan ƙauyen gaba za su bugo mana, mu kwashe mata da yara. Yanzu sai dai mu ji ƙarar babura." Ya ce wanda aka harba babu yadda za a kira mota, mai naƙuda da dare sai a kan amalanke, wanda aka ɗauke masa ɗan'uwa kuwa bai san ko yana raye ba.

Ni da nake taƙama da sanin na'ura, wannan ya kamata in fara hangowa. Waya ba ta magana da waya kai tsaye. Ƙarfen sabis mafi kusa take nema, shi ke miƙa maganar gaba. In aka kashe ƙarfen, an kashe wa kowa: ɓarawo da infoma, da mai gadin gari, da ungozoma. Ko lambar gaggawa ta 112 ba za ta shiga ba, domin ita ma ta kan ƙarfen take bi. Ƙarfe ba ya tantance murya. Kuma ga wani gefen da ban yi tunaninsa ba sai daga baya: muddin ƙarfen yana kunne, kamfani yana da rajistar kowane kira, wane layi ya kira wane, da ƙarfe nawa, ta kan wane ƙarfen sabis. Mai neman kuɗin fansa da ya buga waya ya bar sawu. In an kashe komai, sawun ma ya ɓace. Sannan mai bindiga da babur da kuɗin fansa a aljihu ya fi manomi hanyar kaiwa inda sabis yake, ko sayen wata na'urar sadarwar da ba ta buƙatar ƙarfen kowa.

Sabis ya dawo cikin Gusau ranar 1 ga Oktoba. Sauran ƙananan hukumomi sai ƙarshen Nuwamba. Mako biyun da na ce ba komai ba ne ya zama kusan wata uku ga mutanen karkara. A farkon Janairun 2022 kuma aka yi mummunan kisa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, wanda ya girgiza ƙasa baki ɗaya.

Ba na cikin masu cewa ko ta halin ƙaƙa hukuma ba ta da ikon taɓa sadarwa. Na zauna cikin tsoron, na san abin da ke sa shugaba ya kai hannu ga kowane makami. Abin da na tsaya a kai yanzu shi ne, wanda zai rufe wa mutum miliyoyi baki, bashi ya ɗauka, kuma bashi biyansa ake yi. Ya faɗi yankin da abin ya shafa, kada a haɗa Gusau da dajin da ake fafatawa a ciki a yi musu kuɗin goro. Ya faɗi ranar buɗewa, in zai ƙara wa'adi ya fito ya faɗi dalili. Ya tanadi hanyar da ƙauye zai nemi agaji kafin ya kashe wadda ke akwai. In an gama kuma ya tsaya gaban majalisa da jama'a ya ce ga abin da aka samu, ga abin da aka rasa, domin gwamnan da zai zo gobe ya san ko maganin ya yi aiki kafin ya sake ɗura wa mutane shi.

A nan ne maganar malamina ta dawo mini. An buɗe Twitter ranar 13 ga Janairun 2022, bayan wata bakwai. Waɗanda na kira mutanen Legas ba su tsaya ga surutu ba, ƙungiyar kare haƙƙin jama'a ta SERAP da wasu sun kai ƙara kotun ECOWAS, kuma a watan Yulin 2022 kotun ta yanke cewa dakatarwar ta saɓa wa doka. Suna da hukunci a rubuce da za su ɗaga duk ranar da aka sake gwadawa. Tambayar da suka yi ita ce tamu: wa ke da ikon kashewa, da wace doka, har zuwa yaushe? Na ƙi jin ta ne kawai don manhajar da aka rufe ba tawa ba ce. Na je har gida na gaishe da malamin, na ce masa ya yi gaskiya. Ya ce in zauna a kawo mini fura.

Daga nan duk wata sabuwar doka ta sadarwa da aka fito da ita, a bakin teburina nake auna ta. Haɗa layin waya da lambar NIN, wanda aka fara a Disambar 2020, ina goyon bayansa har yanzu, domin layin da ba a san mai shi ba makami ne. Amma da aka toshe kiran layukan da ba a haɗa ba a watan Afrilun 2022, waɗanda suka cika mana shago tsofaffi ne da manoma, wasu an rubuta musu suna ba daidai ba, wasu fartanya ta cinye zanen yatsunsu har na'ura ba ta ɗauka. Manufar tana da kyau, nauyinta ne ya sauka a kan wanda ya fi kowa rauni.

Canjin kuɗi na farkon 2023 ya fi wannan ciwo. Babban Bankin Najeriya ya sake fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta ɓace, aka ce kowa ya koma tiransifa. A Facebook na ga masu ilimi suna cewa ai haka duniya ta ci gaba. Ni kuma ina zaune da POS a hannu, layi har bakin titi, ana cire wa mutum kuɗi alat bai iso ba, mai saye da mai sayarwa suna rantse-rantse, kowannensu da gaskiyarsa. Wani mai sayar da hatsi da ke cin Kasuwar Daji ya ce mini, a ƙauyen da yake saro gero sai an hau tudu ake samun sanda ɗaya ta sabis, manomin kuma ko asusun banki ba shi da shi, to ta ina zai tura masa? Zamfara na cikin jihohi ukun farko da suka kai ƙara Kotun Ƙoli, tare da Kaduna da Kogi, kuma ranar 3 ga Maris 2023 kotun ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin takardun. Jihar da aka kashe wa sabis shekara ɗaya da rabi kafin nan ita ce ake cewa ta dogara da sabis wajen sayen gishiri. Mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo.

A shago mun sauya abubuwa da dama. Duk ranar Alhamis kafin in tashi nakan kwafe ayyukan mako a rumbun ajiya na hannu, in sa shi a durowa. Layi biyu muke riƙewa na kamfani daban-daban. Cinikin POS ana rubuta shi a littafi da biro, komai ƙanƙantarsa. Lambar sirri kuwa ba na karɓa, nakan juya wa mutum madannin ya buga da kansa, in kau da kai, in kuma bai iya ba in koya masa ko da zai ci mini minti goma. Takardar da ta lalace yayyaga ta muke yi ƙanana. Mai ƙosai ta yi ƙorafi, yanzu tsofaffin jaridu nake nemo mata.

Bara mai makarantar nan da na kasa buga wa takarda ya kira ni in zauna masa, wani matashi daga Kaduna zai nuna masa manhajar haɗa sakamakon ɗalibai. Yaro ne mai hazaƙa, shi ya rubuta ta da kansa, kuma ta yi kyau: malami ya shigar da maki, ita ta tara ta fitar da matsayin kowa, uba ya gani a wayarsa. Da ya gama bayani na ce, "Malam, don Allah kashe datar ka sake buɗe ta." Ya kashe, ya danna, sai farin shafi. Ya ce ai yanzu ko'ina akwai sabis. Ban yi masa gardama ba, na ba shi labarin safiyar Asabar ɗin nan, da motar Funtuwa, da malamin ƙasar Maru. Ya yi shiru yana saurare, ya rubuta wani abu a wayarsa, ya ce a ba shi lokaci.

Bayan wata biyu ya dawo. Ya gyara ta yadda komai zai zauna a cikin kwamfutar makarantar, in sabis ya samu ta aika kwafi waje, in bai samu ba ta ci gaba da aikinta. Wannan karon ban ce komai ba, shi da kansa ya zare layin daga na'urar intanet ɗin ya ajiye a kan tebur, ya miƙo mini kwamfutar. Na danna aji huɗu, sunayen yara talatin da takwas suka fito da makinsu, na tura wa firinta, ta fara fitar da takardar farko.